Me Ya Sa Ƙafata Ke Mutuwa Idan Na Daɗe a Kan Keke?

"Assalamu alaikum. Shekarata 43, kuma na kai shekara biyu ina hawan keke don motsa jiki, kilomita 30 zuwa 40 duk ƙarshen mako. Da can da kambas nake hawa, a kan feda irin ta kowa da kowa. Kwanan baya na sayi takalmin keke mai maƙalewa a jikin feda. Tun daga nan, da na yi kamar minti 40 ina tafiya sai yatsun ƙafata ta dama, musamman na tsakiya da mai bi masa, su fara minjirya, can kuma su mutu murus, ƙasan ƙafar ya riƙa zafi kamar na taka garwashi. In na sauka na ɗan tattaka, cikin minti biyar sai ta sake ni. Takalmin ne bai yi ba, ko wata cuta ce ke son bayyana? Ba na so in daina hawa."

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi bayanin da ya sauƙaƙa mini aiki, domin ka faɗi abu huɗu da nake fara tambayar duk wanda ya zo mini da irin wannan koke: lokacin da abin ke farawa, wurin da yake kamawa, ko yana saki idan an sauka, da kuma abin da aka canza kafin ya fara. A naka, sai an ɗan jima ana tafiya yake zuwa, yatsu biyu yake kamawa a ƙafa ɗaya, yana wucewa da ka sauka, kuma ya biyo bayan sabon takalmi. Duk huɗun suna nuni ga matsi, wato akwai jijiyar da ake dannewa a gaban ƙafarka. Na daɗe ina daidaita wa mahaya kekuna da takalma, kuma mafi yawan masu irin labarinka ba sa buƙatar magani ko ƙwaya ɗaya. Fili ƙafar ke nema, da kuma a sauya mata wurin da nauyi ke sauka. Akwai dai alamomin da idan sun bayyana maganar ta bar hannun mai gyaran keke ta koma hannun likita, kuma zan zo kansu.

Abin da ke faruwa cikin takalmin

Ƙafar mutum ƙashi 26 gare ta. Biyar daga ciki dogaye ne, sun taso daga tsakiyar ƙafa sun nufi yatsu, kuma kawunansu ne suka haɗu suka yi wannan tudun da ke gindin yatsu. Jijiyoyin da ke kai wa yatsu ji suna ratsawa ne ta tsakanin waɗannan ƙasusuwa, ta 'yan hanyoyi masu ƙunci, tare da ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da su. Idan mutum na tafiya a ƙasa, nauyinsa na sauka a diddige, ya gangaro gaba, sannan ƙafar ta tashi sama ta huta kafin wani takun. A kan keke babu wannan hutun sosai. Duk ƙarfin cinya da ƙugu yana bi ta wuri guda ne, wato wannan tudun, ya shiga feda. Ka lissafa da kanka: idan kana juya feda sau 80 a minti, cikin minti 40 ɗin da ka ambata ka danna wurin sau 3,200.

Ga kuma abin da mutane ke mantawa da shi. Ƙafa tana kumbura yayin tafiya. Jiki ya ɗumama, jini ya ƙaru a ƙafafu, ga su a ƙasa tun da aka fara. Takalmin da ya zauna daidai lokacin da ka fito daga gida, bayan rabin sa'a ya zama ya yi kaɗan, alhali girmansa bai canza ba. Shi ya sa abin ba ya kama ka a minti biyar na farko. Gefunan takalmi sun matse ƙasusuwan nan biyar wuri guda, feda na tokare su daga ƙasa, jijiyar da ke tsakani ta rasa jinin da ya ishe ta, sai ta fara aika saƙon banza, wanda kai kake ji a matsayin minjirya da zafi, daga ƙarshe ta yi shiru, ka ji yatsa ya mutu. Da ka sauka matsin ya tafi, jini ya dawo, ta farfaɗo.

Yatsun da ka ambata ma ba a banza suka zama su ba. Ratar da ke tsakanin ƙashi na uku da na huɗu ita ce wurin da jijiya ta fi yawan maƙalewa. Idan matsin ya daɗe yana maimaituwa, jijiyar wurin kan yi kauri ta zama ciwo mai zaman kansa, wanda likitoci ke kira da sunan Thomas Morton, likitan fiɗa ɗan Amurka da ya yi rubutu a kansa a 1876. Mai wannan ciwon ko a ƙasa yake tafiya yakan ji kamar akwai tsakuwa a cikin takalminsa. Tunda naka yana saki cikin minti biyar, da alama ba a kai nan ba, amma dalili ne na kada ka riƙa daurewa kana cewa ƙafa za ta saba. Jijiya ba ta sabawa da matsi.

Fara da takalmin

Kafin ka kashe ko kwabo, ga gwajin da nake sa kowa ya yi. Da yamma, lokacin da ƙafa ta fi cika, zaro shimfiɗar da ke cikin takalmin ka ajiye ta a ƙasa, ka sa safar da kake hawa da ita, ka tsaya a kai da dukan nauyinka. Duba gefen babban yatsa da gefen ƙaramin yatsa. Idan naman ƙafarka ya zubo ya wuce bakin shimfiɗar ta kowane gefe, to takalmin ya yi maka ƙunci, komai kyansa, komai tsadarsa. Duba gaba kuma: ya kamata a samu rarar da ta kai rabin santimita zuwa santimita ɗaya a gaban yatsan da ya fi tsawo. Ka gwada ƙafa biyun, domin ba kasafai ƙafafun mutum ke zama daidai wa daida ba, kuma ba zan yi mamaki ba idan ka tarar ta damanka ta ɗan fi faɗi. Ana sayen takalmi ne da awon babbar ƙafa.

A nan ne mutane da yawa ke yin gyaran da ke ƙara ɓata abu. Sun ji takalmi ya matse, sai su sayi lamba ta gaba. Lamba tsawo take ƙarawa, faɗin da take ƙarawa kaɗan ne. Bugu da ƙari, a takalmin da ya fi ƙafarka tsawo, ramukan da ake ɗaure maƙalin feda, wato ɗan abin da ke ƙasan takalmi wanda ke kama feda, sun ƙara matsawa gaba, sai feda ta koma ƙarƙashin yatsu, wurin da ba ka so ta zauna. Abin nema shi ne takalmi mai faɗin gaba. Kamfanoni da dama, irin su Shimano da Lake da Sidi, suna fitar da wasu takalmansu da samfurin masu faɗin ƙafa, kuma ƙirar kowane kamfani daban take, saboda haka lamba 43 a wannan ba lallai ta yi daidai da 43 a wancan ba.

Idan kuwa ƙafarka ta zauna cikin shimfiɗar ba ta zubo ba, sai mu duba ɗauri. Sabon mai takalmin keke yakan ƙulle shi tamau, yana tsoron kada ƙafa ta zame. Ɗaurin sama, na kusa da idon sawu, shi ke riƙe diddige, kuma shi kaɗai ke buƙatar ɗan ƙarfi. Na gaba, wanda ya ratsa saman gindin yatsu, a bar shi sakwa-sakwa yadda za ka iya motsa yatsunka duka biyar a ciki. Na sha ganin wanda ya zo da niyyar sauya takalmi, muka sassauta wannan ɗaurin na gaba kawai, ya cire takalmin kuwa ga shatin maɗauri kwance a saman ƙafarsa ja wur. Idan takalmin mai igiya ne, kana iya tsallake rami ɗaya daidai wurin da ke damunka. Idan mai ɗan murɗi ne irin na BOA, ka saba da sassauta shi kaɗan bayan minti 20 ko 30, tun kafin minjiryar ta zo.

Safa kuma siririya ta fi, marar kaurin ɗinki a kan yatsu. Mai kauri tana cinye filin da ƙafar ke nema. Sannan ka zura hannu cikin takalmin bayan ka cire shimfiɗar, ka shafa daidai inda notunan maƙalin suke. Wani lokaci noti kan fi tsawon da ake buƙata, kansa ya ɗan leƙo ciki, kuma milimita ɗaya ta ƙarfe a ƙarƙashin tudun yatsu ta isa ta hana mutum sakat.

Shimfiɗar da ke zuwa da yawancin takalma lafiyayyen soso ne kawai shafal, ba ta tallafar kwarin tafin ƙafa. Idan kwarin ya rasa abin dogara, ƙafa takan baje duk lokacin da aka danna feda, ta ƙara cika takalmin. Shimfiɗa mai ɗan tudu a tsakiya tana raba nauyin, ta yadda ba gaban ƙafa kaɗai ke ɗauka ba. Akwai kuma ɗan matashi mai kamar rabin ƙwai da ake liƙawa don ya ɗan buɗa ƙasusuwan nan ya ba jijiya hanya. Wurin liƙa shi ne duk sirrin: a bayan tudun yatsu ake sa shi, ta ɓangaren diddige. Wanda ya sa shi a ƙarƙashin tudun kansa ya ƙara wa ciwon ƙarfi ne. Ka kuma tuna duk abin da ka ƙara cikin takalmi fili yake ci, don haka ba ya amfani a takalmin da dama can ya yi ƙunci.

Inda feda ke tokarar ƙafa

Wannan, a ganina, shi ne rabin matsalarka, kuma shi ya bambanta yau da lokacin da kake hawa da kambas. A kan feda ta gama-gari ƙafarka tana yawo ba tare da ka sani ba. Wuri ya fara zafi, ka ɗan matsa gaba, ka ɗan karkata, matsin ya koma wani wuri. Fedar maƙalewa ta zamani, wadda kamfanin Look na Faransa ya fito da ita a 1984, Bernard Hinault kuma ya ci gasar tseren keke ta Tour de France da ita a 1985, tana hana wannan yawon. Amfaninta ke nan, illarta ma ke nan: inda aka ɗaure maƙalin, nan ƙafa za ta tsaya har a sauka. Idan wurin bai dace ba, babu gudu.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a sa tudun babban yatsa daidai saman sandar da feda ke juyawa a kanta. Ƙa'idar ba ta da laifi ga wanda ba ya jin komai, amma ga mai irin kokenka tana nufin an ɗora feda daidai kan wurin da ke kuka. Abin yi shi ne a ja maƙalin baya, wajen diddige. Ka fara zagaye shi da alƙalami a ƙasan takalmin don ka san inda yake tun asali, ka kwance notunan, ka ja shi baya milimita 5, ka ɗaure ba tare da ka karkatar da shi ba. Yi tafiya biyu ko uku a haka. In an samu sauƙi amma bai ƙare ba, ƙara wasu 5 ɗin. Mutane da dama sai sun kai maƙalin ƙarshen raminsa na baya suke samun lafiya, kuma ban ga aibin hakan ba ga wanda ke hawa don motsa jiki. Ƙafa biyun za ka yi wa, ko da ɗaya ce ke ciwo.

Gyaran yana da 'yan biye-biye. Idan maƙali ya koma baya, ƙafa ta shiga gaba a kan feda, sai ya zama kamar an ƙara wa sirdi tsawo, saboda haka ka sauke sirdin milimita 2 ko 3. Kan takalminka kuma ya ƙara kusantar tayar gaba, yana iya gogarta idan ka yi kwana a hankali, sai a kula. Masu tseren gajeren zango sukan ce suna rasa ɗan kuzarin fizga, amma wannan ba damuwarka ba ce. Abin da zai sa ka dakata shi ne idan gwiwa ta fara ciwo bayan gyaran, domin alama ce maƙalin ya karkace daga yadda ƙafarka ke son zama.

Za ka ji ana cewa ƙaramin maƙali mai noti biyu, irin na SPD da Shimano ya fitar a 1990, ya fi kawo zafin ƙafa a kan babba mai noti uku. Akwai ƙamshin gaskiya idan ƙasan takalmin mai laushi ne, yana lanƙwasuwa a kan ɗan ƙarfen. Idan ƙasan mai tauri ne, shi ke raba nauyin, girman maƙali bai cika yin tasiri ba. Ga masu hawa da feda ta gama-gari ma maganar ɗaya ce: silifa ko takalmi mai laushin ƙasa a kan ƙaramar feda yana sa ƙafa ta naɗe a kan ƙarfe. Feda mai faɗi da takalmi mai ɗan tauri sun wadatar.

Sirdi da giya

Sirdin da ya yi tsawo yana tilasta wa mutum miƙa yatsu ƙasa don ya kamo feda, sai duk nauyin ya tattaru a gaban ƙafa, ƙafar kuma ta riƙa zamewa tana cusa yatsu cikin bakin takalmi. Gwaji mai sauƙi: ka jingina da bango, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da ƙafar mazauninta, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, masu awo suna neman digiri 25 zuwa 35. Akwai kuma lissafin da ake dangantawa da Greg LeMond, wanda ya ci Tour de France sau uku: a auna tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan saman sirdi daga tsakiyar sandar jikin keke da hannuwan feda biyu ke juyawa a kanta. Mafari ne kawai, ba hukunci ba. Ni na fi yarda da in tsaya a bayan mahayi in ga ko ƙugunsa na rangaji hagu da dama, in yana yi, sirdi ya yi sama.

Giya mai nauyi ma tana da hannu. Wanda ke juya feda sau 60 a minti yana danna ta da ƙarfi fiye da wanda ke juya ta sau 85 a gudu ɗaya. Sassauta giya, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, musamman a hawan tudu. Kan hanya kuma, duk bayan kwata ɗin sa'a ka motsa yatsu cikin takalmi, ka yi 'yan juyi kana jan feda sama maimakon danna ta, ko ka cire ƙafar ka girgiza ta inda hanya ta ba da dama. A lokacin sanyi jijiyoyin jini na tsukewa, yatsu su fi saurin mutuwa, kuma cusa safa biyu cikin takalmi ɗaya ƙara matsi yake yi. Gara a rufe takalmin ta waje.

Kada ka yi duk waɗannan gyare-gyare rana ɗaya. In ka canza abu biyar ka warke, ba ka san wanne ya yi aiki ba, in kuma wani sabon ciwo ya ɓullo ba ka san wanne ya jawo shi ba. Da ni ne kai, sassauta ɗauri da sauya safa zan fara yi, sai gwajin shimfiɗa, sai jan maƙali baya tare da sauke sirdi. Sayen sabon takalmi shi ne na ƙarshe, sai fa idan gwajin shimfiɗar ya nuna ƙarara cewa wannan ya yi ƙunci, to nan babu wani gyara da zai cece shi.

Inda maganar ta wuce keke

Daga wasiƙa nake ba ka amsa, ban ga ƙafarka ba, kuma aikina daidaita mutum da kekensa ne, gano cuta na likita ne. Wurin da ke mutuwa yana ba da labari. Tsakanin babban yatsa da mai bi masa ta sama yawanci ɗaurin saman ƙafa ne ya danne jijiya. Dukan tafin ƙafa, tare da zafi a bayan idon sawu ta ciki, yana iya zama jijiya ce ta maƙale a can. Idan kuwa abin yana tasowa daga ƙugu ko ɗuwawu ya gangaro ta bayan cinya har gefen ƙafa, to tushensa na iya zama gadon baya, kuma sunkuyon da ake yi a kan keke na tsananta shi. Ɗaukewar ji a gaba ko matsematsi yayin hawa matsalar sirdi ce, kuma ba abin jin kunyar faɗa ba ne, a gyara shi da wuri.

Ka je asibiti idan mutuwar ta daina saki bayan ka sauka, ko ta fara zuwa kana zaune ko kana kwance da dare, ko ta kama ƙafa biyu daga yatsu tana hawowa sama. Wannan na ƙarshen shi ne salon lalacewar jijiya da ciwon suga ke kawowa, kuma a shekarunka gwajin suga ba asara ba ne ko da kana jin garau. Ƙarancin bitamin B12 ma na kawo irinsa, kuma masu shan maganin metformin na tsawon shekaru sun fi fuskantar wannan ƙarancin. Yawan shan barasa ma yana lalata jijiyoyi. Mai ciwon suga da ke hawan keke ya riƙa duba tafin ƙafarsa bayan kowace tafiya, domin takalmi na iya yi masa rauni bai ji ba.

Akwai waɗanda ba a kwana da su: ƙafa ta yi fari fat ta yi sanyi tana ciwo, ko ta ƙi ɗaguwa mutum na jan yatsu a ƙasa, ko mutuwar matsematsi tare da kasa riƙe fitsari ko kasa yin sa, ko mutuwar ɓarin jiki ɗaya farat ɗaya tare da karkacewar baki ko sarƙewar magana. Waɗannan na sashen gaggawa ne nan take.

Idan ka bi matakan nan na tsawon mako huɗu zuwa shida babu canji, je wurin likita ko masanin gashin ƙashi, ka tafi da takalmin da shimfiɗarsa, ka faɗa masa yatsun da ke mutuwa, minti nawa abin ke ɗauka kafin ya fara, da gyare-gyaren da ka riga ka gwada. Kafin nan ba sai ka ajiye keken ba. Ka rage nisan zuwa inda minjiryar ba ta kai ga farawa, ko ka mayar da tsohuwar fedarka da kambas ɗinka na ɗan lokaci, Allah ya ƙara lafiya.